Ƙarfen Gefen Ruwa

Idan ka ce wa mutumin Tanut akwai layin dogo a ƙasar Damargu, dariya zai yi maka, ya tambaye ka ko rana ce ta buge ka. Ba laifinsa ba ne. Abin da mutanen Tabkin Kurciya ke kira dogo bai taɓa ganin jirgi ba. Wasu siraran ƙarafa ne jere biyu, tsakaninsu bai fi mutum ɗaya ya wuce ba, waɗanda wani Nasara ya sa aka shimfiɗa zamanin aikin dole, daga gindin dutse zuwa bakin gari, suna bin gefen tabki. Nufinsa a riƙa turo duwatsu cikin amalanken ƙarfe a tare ruwa. Aka yi ta turi har aka hana aikin dole, Nasaran ya tattara komatsansa ya tafi, ruwa ya ci gaba da bin inda ya ga dama. Ƙarafan suka zauna nan, rairayi ya binne gindinsu, bayansu kaɗai ke waje.

Mutum ɗaya ne a garin ya ci moriyar wahalar nan, kuma ya cancanta, don yana cikin waɗanda suka tura amalanken da ƙirjinsu. Shi ne Baba Hamidu. Bayan tafiyar Nasaran ciwon ido ya kama shi, ya yi ta fama har idon ya tafi gaba ɗaya. Da wani ne, da ya nemi wanda zai riƙe masa sanda. Shi kuwa cewa ya yi ranar da aka ga wani ya ja masa gora, to a fara haƙa masa kabari. Sana'ar tufka ya kama, kuma a ƙasar da rijiya ke da zurfin da sai jaki ya yi tafiya kafin guga ya fito, mai igiya ba ya kwana da yunwa. Kabar da yake tufkawa tana can ƙarshen tabki, kusa da dutse, inda dogon ya nufa. Saboda haka da hantsi sai ya shiga tsakanin ƙarafan biyu, wuƙa a ƙugu, sanda a hannun dama, yana tafe yana bugun ƙarfe yana 'yar waƙarsa. Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Da la'asar ya dawo da damin kaba a ka. Da wannan ƙarar matan unguwar suke sanin lokacin ɗora tukunya ya yi.

“Na yi wa ƙarhen nan bauta ina da ido,” in ji shi ga duk wanda ya yi masa sannu. “Yanzu shi ke mini bauta. Mun yi daidai.”

Maƙerin garin sunansa Ila, kuma shi ke auren Raishatu, 'yar Baba Hamidu tilo. Maƙerarsa na bakin gari, daidai inda dogon ya fara. Kunyar suruki a garin nan ba wasa ba ce. Ba ka kama sunansa, ba ka cin abinci gabansa, ba ka haɗa hanya da shi. Gaisuwa ma daga nesa, a tsugune, takalmi a hannu, kuma gajeriya. Shi ma surukin ba ya kiran sunanka, sai dai ya ce wa ɗiyarsa “mai gidanki”. To Ila ya ɗauki abin ya kai shi inda ko tsofaffi ba su kai ba. Da safe sai tsohon ya wuce ya ba shi baya sannan yake ɗaga kai ya bi shi da kallo. Da la'asar kuwa, da ya jiyo ƙwal-ƙwal daga nesa, sai ya ajiye masaba ya zagaya bayan rumbuna, ya laɓe can har tsohon ya shige gida. Ƙato da gemunsa yana ɓuya wa makaho! Abokinsa Idi, mai takarkari, ya yi masa tsiya har ya gaji ya bari.

Shekarar da abin ya faru, an ɗan jima da samun mulkin kai. Kowace bazara akwai wani ɗan kasuwa da kan kawo wa maƙera karyayyun ƙarafan mota daga Damagaram, da su ake ƙera hauya, irin mai doguwar ƙotar nan da ake noma da ita a tsaye. A wannan bazarar mutumin bai zo ba, kuma ba wanda ya san dalili. Shamuwa ta sauka, hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma ya koma, magidanta suka riƙa zuwa maƙera da hauyoyin da ƙasa ta cinye har sun koma kamar farce. Ila ya juya wannan, ya juya waccan, babu abin da za a iya ɗorawa a wuta. A Damargu kuwa wanda ya rasa noman farko ya rasa shekara, don haki ba ya jiran kowa.

“Ga ƙarhe can kwance yana shan rana, kai kana nan kana tagumi,” in ji Idi wata rana, yana nuna dogon da haɓa.

“Na tsoho ne.”

“Tsoho sanda nawa gare shi? Guda. Ƙarhe kuwa biyu. Ka duba wanda yake bugu ka bar mishi, ka ɗau wanda ke zaman banza.”

Washegari Ila ya duba. Tsohon ya shiga tsakanin ƙarafan, tabki na hagunsa, tudu na damansa, sandar ta sauka kan ƙarfen gefen tudu. Ya sake dubawa wata safiyar, ya kuma sakewa. Kullum haka. Ƙarfen gefen ruwa ko kuskure sandar ba ta taɓa shi.

A nan fa da Ila ya aiki Raishatu ta tambayi ubanta, da magana ta ƙare. Ya gaya wa ransa kunya ce ta hana shi, wai yaya zai aika wa surukinsa da roƙo. Ƙarya yake. Kunya ba ta hana aike, don ita ce ma ta kawo aiken. Tsoro yake kada a ce masa a'a, alhali ya riga ya ji nauyin ƙarfen a hannunsa.

Ranar Juma'a tsohon ba ya zuwa yankan kaba. Bayan an sauko daga masallaci, kowa ya nemi inuwa, Ila da Idi suka kora takarkari suka bi dogon. Akwai wani wuri da tudun rairayi ya kutsa cikin tabki, dogon ya yi gwiwa ya zagaye shi, gari ba ya hangowa. Nan suka zaɓa. Ƙusoshin sun yi tsatsa, bugu kaɗan suka saki. Suka ciro ƙarfen gefen ruwa tun daga farkon gwiwar har ƙarshenta, suka ɗaure wa takarkari, suka bi ta bayan gonaki suka shigar da shi maƙera suka rufe da karan gero. Kafin su bar wurin sai da Ila ya bi ƙarfen gefen tudu yana share masa rairayi da ƙafa, don kada sandar tsoho ta rasa shi. Ya dawo gida yana jin shi mutumin kirki ne.

Da safe Baba Hamidu ya wuce. Ila ya kasa kunne har ƙwal-ƙwal ɗin ta yi nisa ta ɓace, ya ce alhamdu lillahi, ya hura wuta. Ya sare guntun farko ya ɗora a gawayi. Ƙarfe ne mai kyau, yana bin masaba ba gardama. Aiki ya ɗauke masa hankali har la'asar ta yi, ta gota, rana ta yi sanyi. Sai da Raishatu ta fito ƙofar gida a karo na biyu tana duban hanyar tabki sannan ya lura bai zagaya bayan rumbuna ba yau.

A kan jaki aka kawo Baba Hamidu. Wata Buzuwa mai awaki da ake kira Fadimata ce ta same shi. Da rani in tabki ya janye, makiyaya kan haƙa ramuka a cikinsa su sami ruwa, kuma akwai irinsu da yawa a ƙasan gwiwar nan. Cikin ɗaya ta jiyo nishi. Ita da 'yan'uwanta suka ciro shi, laka har wuya, cinya a karye, amma sandar na hannunsa bai sake ta ba.

“Tsohonku ne,” in ji ta. “Da awakina ba su ji ƙishirwa ba, da can zai kwana.”

Mai ɗori ya zo ya yi aikinsa. Tsohon bai yi ihu ba, sai gumi. Da aka tambaye shi yadda aka yi, cewa ya yi, “Ƙarhe ya ƙare mini a hannu.” Wasu suka je suka dubo, suka dawo suka ce lalle an cire ƙarfe. Idi ne ya fara buɗe baki, da ƙarfi kuwa, ya ce masu mota ne, su ne ba sa barin ƙarfe ya kwana. Kowa ya ce lalle su ne. Rabon da mota ta shigo garin tun da kaka, amma kowa ya ce lalle su ne, kuma ba wanda ya dubi wajen maƙera.

Da Ila ya mayar da sauran ƙarfen a lokacin, da ya rage wani abu. Amma mayarwa amsa laifi ce, ga shi kuma ba a jima ba ruwan shuka ya sauka, mutane suka yi cincirindo a ƙofarsa. Ya sare, ya ƙera, ya sare, ya ƙera, har karan geron da ya rufe da shi ya kwanta a ƙasa. Ba a taɓa hauyoyi irin na shekarar nan ba. Duk wanda ya karɓi tasa sai ya gwada kaifinta da ɗan yatsa, ya ce Allah shi yi albarka, ya juya da sauri. Ba wanda ya tambayi inda ƙarfe ya fito. Garin nan da ba a iya ɓoye ko haihuwar akuya, sai ga shi kowa ya zama kurma.

Abin da Ila ya riƙe yake kare kansa da shi guda ne: ai ya bar wa tsohon ƙarfensa. Wanda yake bugu yana nan, har share shi ya yi. In tsohon ya faɗi, tsufa ne, ko jiri, ko santsi. Yakan faɗa wa kansa haka yana zuga, ya faɗa yana alwala. Amma tuwo ya daina wuce masa. La'asar ta zama abokiyar gabarsa, don da ta yi sai kunnensa ya miƙe yana jiran ƙarar da ba za ta zo ba, ƙafarsa ta nemi bayan rumbuna ita kaɗai. Ya je ya nome gonar surukinsa tas, fiye da yadda ya nome tasa, da sabuwar hauya, yana jin kamar ya jefar da ita.

“Ban tambaye ka inda ka samu ƙarhe ba,” in ji Raishatu wata rana tana kwashe kwanon da bai taɓa ba. “Kada ka sa in tambaya. Ka ci abinci.”

Da damina ta yi tsakiya, zafin cinyar ya lafa, sai zaman banza ya fara cin tsohon. Mutumin da hannunsa bai saba hutawa ba, ga shi kwance yana murza gefen tabarma. Raishatu ta ce wa Ila kabar gidan ta ƙare, ko zai je ya yanko wa Baba ya sami abin taɓawa. Ila ya ɗauki wuƙa da igiya da sanda saboda maciji. Rabonsa da dogon tun ranar Juma'ar nan.

Tabki ya cika ya batse, ruwan ya zo har gindin hanyar. Wanda ya ga wurin da rani ba zai gane shi ba. Balbela ta yi fari a kan ƙayoyi, dinya na ninƙaya da 'ya'yanta a bayanta, kwaɗi na ta surutu ba mai saurarensu. Makiyaya sun yi arewa da dabbobinsu, ba kowa sai shi. Ya bi tsakanin ƙarafan, ƙarangiya na kama masa wando. A bayan ƙarfen gefen tudu ya ga inda sandar tsoho ta goge tsatsa shekara da shekaru, ya yi wani siririn haske, amma yanzu ja ya fara rufe shi. Ya wuce wani amalanken ƙarfe da ya kife tun zamanin Nasara, ƙadangare na shan rana a kansa. Da ya iso gwiwar bai dubi hagu ba, ya sa ido kan ƙarfen da ya bari ya ƙara sauri. Ga shi nan lafiya lau, in ji shi a ransa, me ya hana tsohon bin abinsa?

Can ƙarshen tabki ya sami kabar. Ya ga wurin zaman tsohon a gindin wata goruba, da ɗan dutsen da yake wasa wuƙa, ya lotsa a tsakiya. Ya yanka, ya ɗaure, ya aza damin a ka. Kaba ɗanya da nauyi take, dole hannun hagu ya tallafe ta. Ya ɗauki sandar da dama, ya shiga tsakanin ƙarafan, ya fuskanci gari. Ba don komai ba, don dai ba kowa, ya saki sandar ta bugi ƙarfe yadda tsohon ke yi.

Ƙwal.

Ya tsaya. Ya dubi sandar, ya dubi ƙarfen da ta buga, ya dubi tabki. Tabkin na damansa. Ƙarfen gefen ruwa ne ta buga, kuma a bayansa ga siririn hasken nan, irin na wancan sak, wanda ranar Juma'ar ko kallonsa bai yi ba saboda gaggawa. Mai tafiya in ya juyo, damansa ma ta juyo. Abin da ko ɗan akuya ya sani. Shekara nawa yana kallon ƙeyar tsohon nan da safe, bai taɓa tsayawa ya ga dawowarsa ba ko sau ɗaya, yana can bayan rumbuna yana ladabi.

Bai san abin da ya sa ba, ya rufe ido ya ci gaba. Ƙwal, ƙwal. Tun yana ɗari-ɗari har ƙafa ta saki, don ƙarfen na amsawa kowane bugu, kamar mutum na tafe kusa da kai yana cewa ina nan. Ya yi nisa a haka. Sai sandar ta faɗa rairayi, shiru. Ya ce ko ƙasa ce ta rufe shi, ya ƙara taki, ya laluba dama. Shiru. Ya ƙara matsawa dama yana nema. Ƙasa ta zame a ƙarƙashin ƙafarsa, ya buɗe ido yana cikin ruwa har gwiwa, damin kaba na yawo a gabansa. Hanyar ta yi hagu ta bar shi. Shi ya buɗe ido, tsohon kuwa ba idon buɗewa. Nan cikin ruwan ya tsaya ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar uwarsa, don yanzu ba sauran tsufa, ba jiri, ba santsi. Shi ne ya karya tsohon nan, da hannunsa da wayonsa.

Bai gaya wa kowa ba. Ya kai kabar ya ajiye a ƙofa, ya tsuguna daga nesa ya yi gaisuwa, tsohon ya amsa daga ɗaki kamar kullum.

Da aka yi girbi, gero ya yi kyau har rumbuna suka kasa, ruwa ya fara janyewa, Ila ya je ya sami Idi ya ce ya kawo takarkarinsa. Idi ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskarsa ya rufe. Bayan kabar, dogon ya ɗan zarce zuwa gindin dutse, inda ba mai zuwa. Can suka ciro ƙarfe suka jawo shi zuwa gwiwar. Wannan karon da rana tsaka, ta gaban masu kai dami gida, kuma ba wanda ya tambaye su ko masu mota ne suka dawo da shi. Ila ya ƙera sababbin ƙusoshi, ya lanƙwasa ƙarfen a wuta har ya bi gwiwar daidai, ya goge mahaɗar don kada sanda ta sarƙe. Ya cike ramukan da ke ƙasa da duwatsu. Ya rufe ido ya bi wurin, zuwa da dawowa, har ya gamsu. A ransa yana ganin in tsohon ya wuce nan da ƙwal-ƙwal ɗinsa, to shi ma zai iya haɗiye tuwo.

Baba Hamidu ya tashi, da ɗingishi amma ya tashi. Raishatu ta gaya masa an gyara dogo. Ya ce a miƙo masa wuƙarsa. Ta ce za ta bi shi, ya ce ta bi, amma a baya, kuma kada ta taɓa shi. Da hantsi matan unguwar suka jiyo ƙarar da suka daɗe ba su ji ba, har wata ta yi guɗa. Ila ya bari suka yi nisa, ya cire takalmi ya riƙe a hannu ya bi su.

Zuwa dai lafiya. Tsohon ya yanki kabarsa, ya wasa wuƙa a dutsensa, ya ɗaura ɗan dami daidai ƙarfinsa. Ila ya ratse cikin kaba har suka wuce, sannan ya biyo, a karo na farko yana ganin dawowar surukinsa. Sai ya lura babu waƙa. Bugun ma ya sake. Da can bugu ɗaya taki ɗaya, yanzu sai ya buga, ya sake bugawa, sannan ƙafa ta bi. Suna kusantar gwiwar bugun na ƙaruwa, tafiyar na raguwa. Daidai mahaɗar ya tsaya.

“Yana nan, Baba,” in ji Raishatu. “Ka taɓa ka ji.”

Ya miƙa sandar ya buga sabon ƙarfen. Ƙwal. Ya ƙara miƙawa gaba ya buga. Ƙwal. Ya ɗaga ƙafar da ta karye, ta yi rawa a sama, ya mayar da ita inda take. Ya daɗe a haka, gumi na bin wuyansa, Ila na can baya yana roƙon Allah a ransa, taki ɗaya dai, taki ɗaya.

“Raishatu.”

“Na'am, Baba.”

“Ki gaya wa mai gidanki ya yi aiki mai kyau. Wannan na gindin dutse ne, na san muryarshi. Wancan na da kuma ya yi hauya mai kyau. Na ji shi ranar da kika kakkaɓe mata laka a ƙohwar ɗakina.”

Raishatu ta sa gefen zane ta rufe baki.

“Ki ce mishi ban riƙe shi ba. Gari ya ci gero, ni ma na ci. Da an tambaye ni, ƙila in hana, ƙila in ce a ɗau na gindin dutse. Ba a tambaya ba, shi ke nan.” Ya numfasa. “Amma da can ba na tunanin ƙarhe. Ƙahwata ke tahiya, ni ina can ina waƙata. Yanzu kowane taki sai na tambaye shi ko yana nan, in ya amsa kuma ban yarda ba. Wannan ba tahiya ba ce.”

Ya juya. Ba wajen ɗiyarsa ba, wajen da Ila ke tsaye da takalmi a hannu, daidai kamar yana ganinsa. Ashe duk ɓuyar nan ta shekara da shekaru kansa kaɗai Ila ke yi wa. Tsohon ya ɗaga sandar daga kan ƙarfe, ya miƙa bakinta.

“Ila,” ya ce. “Kama.”

Bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba. Da zagi ne, da mari ne, da ya fi masa sauƙi. Ya so ya ce a'a, Baba, ƙarfen na nan, na gwada shi da idona a rufe, ka ƙara bugu ɗaya. Ya ajiye takalman a kan rairayi, ya zo ya wuce gaba, ya kama bakin sandar. Bugun ƙarfe na shekaru ya dasashe shi ya yi santsi.

Suka zagaye gwiwar, suka miƙe, tabki na damansu. Raishatu na biye tana share ido. La'asar ta yi suna hanya, ta gota. A unguwar bakin gari matan da suka kasa kunne ba su ji komai ba, har wata ta leƙo ta kan darni don ta ga ko lafiya. Ta ga maƙeri a gaba ba takalmi, kansa a ƙasa, Baba Hamidu a baya da ɗan daminsa, sanda a tsakaninsu ba ta taɓa ƙasa. Ta koma ciki ta ɗora tukunya.